Kayen Shiri da Wahalar Gaske: Nazarin Fim a kan Ƙuruciyar 'Yar Kokawa Paige

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna wani fim da aka fitar cikin shekarar 2019, mai suna Fighting with My Family, watau Faɗa da Iyalina, wanda Stephen Merchant, mutumin Ingila, ya rubuta, ya kuma ba da umarnin ɗaukarsa. Fim ɗin yana ba da labarin farkon sana'ar wata yarinya, Saraya-Jade Bevis, wadda duniya ta fi sani da laƙabin Paige, tun daga ranar da ta fara kokawa a garinsu Norwich har zuwa daren da ta ci kambun mata na kamfanin WWE a Amurka tana da shekara 21. Tun da ya ke labarin mai rai ne, kuma abubuwan da suka auku sanannu ne har da ranakunsu, mun sami damar da mai nazari ba ya samu kullum, watau mu aza fim a gefe guda, mu aza tarihi a gefe guda, mu ga abin da marubucin ya ɗauka, da abin da ya zubar, da abin da ya ƙara na kansa. Mai ba da labari yana da izinin ragi da ƙari, gama rayuwar shekara tara ba ta shiga cikin sa'a biyu sai an datse ta. Abin tambaya kaɗai shi ne ko ragin da ƙarin sun fito da gaskiyar sana'ar fili, ko kuwa sun rufe ta.

2. Wace irin kokawa ce?

Wajibi ne mu fara daidaita kalma guda, don kada ta ɓad da mai karatu. A kokawar da Bahaushe ya gada, wadda a ke yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, wadda kuma Jamhuriyar Nijar ta mayar gasar ƙasa tun 1975, ba wanda ya san mai yin kaye sai ƙasa ta shaida. Kokawar da fim ɗin nan ke magana a kai, wadda samarinmu ke kira resilin, dabam ta ke. Ana yin ta bisa wani dandamali mai kusurwa huɗu da aka kewaye da igiyoyi, kuma masu kamfani sun riga sun yanke wanda zai ci tun kafin a hau. 'Yan wasan biyu abokan aiki ne: wanda a ke ɗagawa yana taimakon mai ɗaga shi, wanda a ke bugu yana nuna zafin da ya fi wanda ya ji, kowannensu kuwa lafiyar ɗan'uwansa tana hannunsa. Wannan ya daɗe da barin zama asiri. Cikin 1989 kamfanin da yanzu a ke kira WWE ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa abin da ya ke yi nishaɗi ne, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Tun kafin wannan ma, masanin nan na Faransa, Roland Barthes, cikin littafinsa Mythologies na 1957, ya nuna cewa abin da ke kawo mai kallo wurin irin wannan kokawa shi ne ya ga wahala da zalunci da sakayya an bayyana su a jikin mutane, sakamakon kuwa bai dame shi ba.

Amma fa shirin bai hana faɗuwa zama faɗuwa ba. Katako ne a ƙarƙashin shimfiɗar dandamalin, wuya da gadon baya kuwa ba su san da wani shiri ba. Saboda haka kayen na shiri ne, wahalar ta gaske ce. Daga nan wata magana ta fito, wadda ita ce ma'aunin wannan takarda duka. In an riga an yanke wanda zai ci, to, nasarar ɗan kokawa ta riga hawansa dandamali: ta auku ne ranar da masu kamfani suka amince cewa shi zai iya cika ɗaki da 'yan kallo, suka ce a ba shi kambu. Duk marubucin da ya taɓa labarin wannan sana'a, a nan ne za a ga gwanintarsa ko kasawarsa.

3. Abin da tarihi ya nuna

An haifi Saraya-Jade ran 17 ga Agusta 1992 a Norwich, a gabashin Ingila. Ubanta Ricky Knight da uwarta, wadda a ke kira Sweet Saraya, 'yan kokawa ne, haka kuma yayyenta maza, Roy da Zak. Iyalin suna da ɗan ƙaramin kamfani nasu mai suna WAW, wanda aka kafa cikin 1994. Lokacin kuwa kasuwar kokawa ta riga ta faɗi a Ingila, gama tun 1988 gidan talabijin na ITV ya daina nuna ta, bayan shekaru masu yawa da sunayen irin su Big Daddy da Giant Haystacks ke bakin kowa. Abin da ya saura sai ƙananan ɗakunan taro na unguwa, da ɗan abin da a ke tarawa a bakin ƙofa.

Ta fara kokawa cikin 2005 tana da shekara 13, ran da wata 'yar wasa ba ta zo ba, uban ya ce ta maye gurbinta. Ta ɗauki sunan Britani Knight, ta yi shekara shida tana yawon kokawa a Ingila da ƙasashen Turai, har cikin 2011 ta je Amurka tare da uwarta suka yi wasa a kamfanin mata na Shimmer. Sau biyu ta shiga jarrabawar WWE. Ta farko, cikin Nuwamba 2010, ba ta dace ba. Ta biyu, cikin Afrilu 2011, ita ce ta sa aka ɗauke ta. Aka tura ta wurin horon kamfanin a jihar Florida, ta fara fitowa a farkon 2012. Cikin 2013 ta zama mace ta farko da ta riƙe kambun mata na NXT, watau reshen da a ke renon sababbin 'yan wasa, bayan ta ka da Emma a karon ƙarshe, ta kuma sake ka da ita ran 27 ga Fabrairu 2014 a wani babban taro da aka nuna kai tsaye. Ran 7 ga Afrilu 2014, washegarin bikin WrestleMania na 30, a birnin New Orleans, ta fito a shirin Raw karo na farko, ta karɓe kambun Divas daga hannun AJ Lee, wadda ta yi kwana 295 tana riƙe da shi.

Asalin fim ɗin kuwa wani shiri ne na labarin gaskiya da Max Fisher ya yi wa gidan talabijin na Channel 4 cikin 2012 a kan wannan iyali. Dwayne Johnson, tsohon ɗan kokawa da a ke kira The Rock, ya gan shi sa'ad da ya ke aiki a Ingila, ya yi sha'awar a mai da shi fim. Kamfaninsa na cikin waɗanda suka ɗauki nauyi, haka kuma reshen fina-finai na WWE kansa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

4. Inda fim ɗin ya yi kyau

Rabin farko na fim ɗin, wanda ke gudana a Norwich, shi ne mafi ƙarfi, kuma ya cancanci yabo ba da ƙwauro ba. Merchant ya gane cewa ga wannan gida kokawa sana'ar gado ce, kamar ƙira a gidan maƙera: da ita a ke ci, da ita a ke wasa da yara, da ita a ke sulhu bayan faɗa. Nick Frost da Lena Headey, waɗanda suka fito a matsayin iyaye, sun nuna mutane masu kaushin baki da taushin zuciya, waɗanda ke son 'ya'yansu da gaske, amma kuma suna kallonsu kamar jarin da zai fid da gidan daga talauci. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba, bai kuma tsine musu saboda shi ba. Ya bar mai kallo ya ga yadda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya kuma ga nauyin da wannan karin magana ke ɗora wa ɗan barewa.

Har wa yau marubucin ya fahimci cewa harshe rabin sana'ar ne. Ɗan resilin yakan karɓi makirufo ya wasa kansa, ya ƙasƙantar da abokin karawarsa, kusan yadda ɗan kokawarmu ke yin kirari kafin a kama, sai dai a can maganar ce ke sayar da tikiti. Wuraren da aka nuna Paige, wadda Florence Pugh ta fito a madadinta, tana neman muryar da za ta zama tata, suna daga cikin mafi gaskiya a fim ɗin.

Amma ran labarin yana wurin Zak, wanda Jack Lowden ya ɗauki matsayinsa. Shi ne ya fi ƙanwarsa ƙwallafa rai a kan WWE, shi ne ya koya mata, aka kuwa ɗauke ta aka bar shi. Fina-finan wasanni sun saba bin wanda ya ci, su mance da wanda aka ƙi. Wannan ya tsaya tare da wanda aka ƙi: ya nuna shi yana ta aika faifan wasanninsa ba amsa, ga jariri a gida, ga hassadar ƙanwar da ya ke ƙauna tana cinsa, har ya yi watsi da yaran unguwa da ya ke koya wa kokawa, cikinsu har da wani yaro makaho. Wurin da ya huce haushinsa a kan ƙanwarsa a bisa dandamali, ya saki shirin da aka yi ya buge ta da gaske, shi ne wuri guda da fim ɗin ya yi amfani da dokar sana'ar kanta ya fito da abin da ke zuciyar mutum. Mai kallo ya riga ya san cewa amana ce ke riƙe da wasan, don haka da aka ci amanar ya ji zafinta.

5. Inda ya tauye

Da labarin ya ƙetare teku zuwa Florida sai ƙarfinsa ya fara raguwa, dalilai kuwa biyu ne.

Na farko, an rage wa Paige gwanintarta don a sami abin tausayi. Fim ɗin ya haɗe jarrabawa biyu ya mai da su ɗaya, wannan ba kome. Amma ya nuna ta a wurin horo kamar sabon shiga mai shirin gudu gida, bai kuwa ambaci kambun NXT ba ko da kalma guda. Dalilin a fili ya ke: marubucin yana bin tsohon tsarin nan da fim ɗin Rocky na 1976 ya shahara da shi, inda wanda ba a san shi ba ke fitowa farat ɗaya ya girgiza zakara. Sai dai abin da aka biya ya fi abin da aka saya tsada. Yarinyar da ta tsaya gaban AJ Lee ta yi shekara tara a sana'ar, tana riƙe da kambu, 'yan kallon New Orleans da yawa kuma sun san ta, sun tarbe ta da sowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da aka share wannan, sai nasararta ta zama kamar sa'a, ko kyautar da wani babba ya yi mata, alhali kuwa guminta ne. Tare da shi aka share waɗanda suka hore ta, irin su Dusty Rhodes da ya koyar da magana, da Sara Del Rey da ta koyar da matan, aka ƙaga mutum guda, Hutch Morgan, wanda Vince Vaughn ya fito a matsayinsa, aka ɗora masa aikinsu duka.

Na biyu, fim ɗin ya yi wa kamfanin sassauci fiye da kima. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. An ƙaga 'yan mata uku, kyawawa, waɗanda aka ɗauko daga sana'ar talla da rawa, Paige ta raina su, daga baya ta gane su ma neman abinci ya kawo su, ɗayarsu har da 'ya. Wannan darasi ne mai kyau, an kuma tsara shi da hankali. Amma ya kau da ido daga ainihin tambayar, watau wa ya zaɓi ya riƙa ɗaukar mata saboda surarsu, ya kuma ba su 'yan mintoci kaɗan a shirinsa? Cikin Fabrairu 2015 an ba Paige da Emma wasa da tagwayen nan Bella wanda bai wuce rabin minti ba, har 'yan kallo suka yi ca a intanet suna neman a ba mata dama, kuma sai cikin 2016 aka soke kambun Divas aka maye shi da kambun mata. Shingen da ke gaban Paige tsarin kamfanin ne. Fim ɗin ya ɗauke shingen daga ofis ya dasa shi a zuciyar yarinya, ya ce tsoro da girman kai ne ke hana ta.

Haka al'amarin ya ke game da Zak. Hutch ya ce ya ƙi shi ne don tausayi, gama ba shi da hasken da a ke nema, in an ɗauke shi zai ƙare a matsayin wanda a ke jefarwa don wani ya yi suna. Ba a taɓa nuna mana abin da ya rasa ba. An ce mu yarda kawai. Tarihi kuwa ya nuna cewa cikin Nuwamba 2011 kamfanin ya yi amfani da Zak a daidai wannan matsayi, yana ɗaya daga cikin mutum uku da aka haɗa da Big Show ya murƙushe su a shirin SmackDown. Tausayin na Hutch ne, Hutch kuwa ƙagagge ne.

6. Daren New Orleans

A nan ne ma'aunin da muka aza a sashe na biyu ya zama dole. Tun da fari, a wurin cin abinci da surukan Zak, fim ɗin ya faɗa da bakin iyayen cewa wasan shiryayye ne ko da ya ke ciwonsa na gaske ne. Ya ci gaba da nuna mana bayan labule har kusan ƙarshe. Da aka zo karon ƙarshe sai ya saki labulen a fuskarmu. Aka nuna Paige ta daskare, magana ta gagara, ta sha bugu, sa'an nan ta yunƙura ta yi kaye, kamar dai ba wanda ya san yadda za ta ƙare.

Abin da ya auku a zahiri ya bambanta. Paige ta fito ta yi magana, a matsayin baƙuwa mai kunya da ta zo taya zakara murna, AJ Lee ta mare ta, ta ƙalubalance ta, wasan kuwa bai kai minti biyu ba. Kunyar nan ta wasa ce, an shirya ta. Paige da kanta ta sha faɗa cewa tun ranar WrestleMania Johnson ya gaya mata gobe za ta fito kuma za ta ci kambu. Watau fim ɗin ya ɗauki tsoron da 'yar wasa ta kwaikwaya da gwaninta ya mai da shi tsoron gaske, ya ƙwace mata aikinta ya ba ta rauni a maimakonsa.

Mai kare fim ɗin yana iya cewa Merchant ya so ne mai kallo ya ɗanɗani abin da 'yan kallon resilin ke ji, su da suka san shiri ne amma su ke ihu. Hujjar tana da nauyi, kuma lalle wurin yana motsa zuciya. Sai dai akwai labarin da ya fi wannan, wanda aka bari a ƙasa. Ga yarinya mai shekara 21 ta kwana da sanin cewa gobe za a ɗora mata amanar kamfani a gaban dubban mutane, kai tsaye, ba damar sakewa. Ga kuma AJ Lee, wadda ta fi ta girma a aikin, dole ta faɗi da kyau don baƙuwa ta tashi. Faɗuwar wani tashin wani ce, a wannan sana'a kuwa mai faɗuwar da yardarsa ya ke faɗuwa, wannan shi ne karimcin da ke cikinta. Fim ɗin da ya fahimci haka game da Zak ya kasa fahimtarsa game da AJ Lee, ya bar ta muguwa kawai.

7. Kammalawa

Fim ɗin ya tsaya a daren nasara. Abin da ya biyo baya shi ne an yi wa Paige aiki a wuya cikin Oktoba 2016, ta komo, ta sake jin ciwo cikin Disamba 2017, sa'an nan ran 9 ga Afrilu 2018, a ɗakin taron nan na New Orleans inda ta ci kambu shekara huɗu da suka wuce, ta sanar da barin kokawa tana da shekara 25. Gaskiya ne an ɗauki karon ƙarshe na fim ɗin tun cikin Fabrairu 2017, kuma marubuci yana da ikon tsayawa inda ya ga dama. Amma fim ɗin bai fito ba sai 2019, kuma shi ne da kansa ya ta da zancen karyewar jiki, ya nuna ta a matsayin rabon wanda ba a zaɓa ba. Wadda aka zaɓa ita ce wuyanta ya lalace. Yin shiru a kan wannan ya bar mai kallo da fahimtar da ba daidai ba game da farashin sana'ar. Daga baya, cikin 2022, ta komo kokawa a kamfanin AEW da sunanta na yanka, Saraya, har ran 27 ga Agusta 2023 ta ci kambun mata na wannan kamfani a filin Wembley na Landan, iyalinta suna tare da ita.

Hukuncinmu ke nan. A matsayin labarin gida, da gado, da ɗan'uwan da aka bari a baya, Fighting with My Family aiki ne nagari, mai ban dariya da ban tausayi, kuma Lowden da Pugh sun ɗauke shi da ƙarfinsu. A matsayin labarin yadda matashiya ke zama gwana a sana'arta, ya gaza, gama ya rage aikinta, ya wanke ubangidanta, ya kuma ɓoye dokar wasan a daidai wurin da ta fi amfani. Ɗalibin adabi da ke son rubuta tarihin wani gwani, ɗan kokawa ne, ko ɗan dambe, ko makaɗi, zai ƙaru da kallonsa in ya riƙa tambayar kansa abu biyu a kowane wuri: wa ya biya kuɗin ba da labarin, kuma wane aiki na gwanin aka zubar don labarin ya yi daɗi.